Na kasa addu'a tun daren da autana ya sake kwanciya

Wata uwa daga Harobanda:

Salama gare ku, 'yan'uwa cikin Ubangiji. Na daɗe a wannan zaure ina karanta matsalolin wasu, ban taɓa cewa uffan ba. Yau abin ya fi ƙarfina. Ku yi haƙuri na ɓoye suna, akwai 'yan majami'armu a nan.

Ni 'yar Madawa ce, aure ya kawo ni Yamai shekara goma sha huɗu ke nan. Allah ya ba mu 'ya'ya uku. Ta fari ta koma tana da shekara biyar, emasi ne, wato amosanin jini. Ta biyu lafiyarta lau. Autan namiji ne, shekararsa bakwai, shi ma da ciwon ya zo duniya. Maigida direban kamyo ne a hanyar Kwatano. Tun da aka rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin Yulin 2023 aikin ya tsaya, sai ɗan abin da ya samo a kasuwar Katako. Damanar 2024 kuma ruwa ya kayar mana da ɗaki ɗaya cikin biyu. Duk wannan na shanye, ina zuwa zumuntar mata, ina waƙa, ina cewa Allah ya san da mu.

Satin da ya wuce ne na karye. Yaron ya farka tsakar dare yana kukan ƙafafu, ya cafke bakin zanena yana cewa, “Inna, ki ce wa Yesu ya cire.” Na durƙusa gefen tabarma, na buɗe baki, ko kalma ɗaya ta ƙi fita. Abin da ya cika mini rai shi ne, haka na roƙa a kan yayarsa, kwana tara a likita, muka dawo da ita naɗe cikin zane. Tun daren nan ban sake addu'a ba. Littafi Mai Tsarki yana kan akwati, nakan share masa ƙura, ba na buɗewa.

Sai ga wata babba a ikkilisiyarmu ta zo dubiya, ta ja ni gefe ta ce in binciki kaina, wai ciwo ba ya komawa gida ɗaya sau biyu sai in akwai zunubin da ba a furta ba. Dangin maigida kuma sun ce daga jinina ne. Surukata ta aiko a kai yaron ƙauye wurin wani mai magani ya yi masa tsaga. Maigida bai ce to ba, bai ce a'a ba. Ya daina magana, in ya dawo sai ya zauna ƙofar gida har dare ya raba.

Don Allah ku faɗa mini gaskiya: na fāɗi daga bangaskiya ne? Wadda ta kasa addu'a ta isa ta ci jibin Ubangiji, wato gurasar da muke ci a majami'a don tunawa da mutuwar Yesu? Kuma me zan ce wa surukata ba tare da zumunci ya ɓaci ba?

Wani matashi, ɗan ƙungiyar mawaƙa:

Mama, sannu. Kada ki ba Shaiɗan ƙofa. Ki ɗauki azumi na kwana uku, mu matasa za mu taya ki. Ki tuna Ayuba, ya rasa kome amma Allah ya mayar masa ninki biyu. Naki ma yana tafe.

Ma'aikaciyar jinya, daga Lazare:

'Yar'uwata, na karanta sau biyu, raina ya ɓaci ƙwarai da maganar da aka faɗa miki. Shekara da shekaru ina aiki da yaran nan, tun ina asibitin Galmi kafin in dawo Yamai. Na ga emasi a gidan fasto, na gan shi a gidan liman, na gan shi a gidan mai kuɗi. Gado ne, kuma daga ɓangare biyu yake zuwa. Yaro ba ya zama SS, wato mai cikakken ciwon, sai ya ɗauko rabi wurin uwa, rabi wurin uba. In ke AS ce, wato mai ɗauke da rabin gadon, maigida ma AS ne, kowane ciki da kika ɗauka akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS, kuma wannan lissafin sabo yake komawa a kowane ciki, shi ya sa gida ɗaya kan samu biyu ko uku. Saboda haka masu cewa jininki ne, rabin magana suka faɗa. Mai cewa zunubi ne kuwa, ta buɗe Yohanna sura 9. Almajirai sun tambayi Ubangiji a kan wanda aka haifa makaho, ko laifinsa ne ko na iyayensa, ya ce ba ko ɗaya.

Tsaga kam, ina roƙonki da girman Allah, kada ki yarda. Yaron da jininsa bai ishe shi ba, a ce za a ƙara zubar da shi, ga reza da ba a san inda ta biyo ba.

In ba ki yi masa rajista a cibiyar emasi ta ƙasa da ke nan Yamai ba, ki je, ko da yana lafiya. Ki tambayi likita ko ya dace a ɗora shi kan maganin hydroxyurée, yana rage yawan tashin ciwon ga yara da dama, amma sai da awon jini a kai a kai. A gida: ruwa da yawa ko bai ce yana jin ƙishi ba, maganin acide folique yadda likita ya rubuta, gidan sauro kowane dare don masassara ita ce babbar abokiyar gabarsu, riga mai kauri da safa lokacin hunturu, wanka da ruwan ɗumi. In ƙafa ta tashi, tsumma mai ɗumi, ba ƙanƙara ba. In zafin jiki ya kai digiri 38,5, ko tafin hannu ya yi fari fat, ko cikinsa ya kumbura ta hagu, ko numfashi ya yi wuya, kada ki jira gari ya waye.

Dattijo daga Bukoki:

Ɗiyata, sannu da ɗawainiya. Malama ta gama maganar jiki, ni zan taɓa ta zuciya.

Ɗana mawaƙi, niyyarka mai kyau ce, amma zo mu sake duba Ayuba. Tumakinsa dubu bakwai sun koma dubu goma sha huɗu, gaskiya ne. 'Ya'yansa fa? Goma ya binne, goma aka ba shi daga baya, kuma kaburburan goman farko suna nan inda suke. Uwar da ta binne ɗiya ba a yi mata lissafin ninki. Abokansa uku kuma, abin kirkin da suka yi shi ne kwana bakwai da suka zauna ƙasa tare da shi ba wanda ya ce kome. Da suka fara neman zunubin da ya ɓoye, nan suka ɓata. A sura 42 aya 7 da su Allah ya yi fushi, ba da Ayuban da ya yi ta kuka da ƙorafi ba.

Ɗiyata, bari in faɗa miki abin da ban cika faɗa ba. Ranar Asabar 17 ga Janairun 2015, da aka ƙone majami'u a garin nan, 45 bisa ƙidayar 'yan sanda, tamu na ciki. Maƙwabcina musulmi ne ya shigar da iyalina ɗakin matarsa ya tsaya bakin ƙofa, har gobe ina girmama shi. Washegari na je wurin. Kwanon rufi ya lanƙwashe ya faɗo kan bencina, toka na da ɗumi. Na tsinci littafin waƙoƙi rabinsa ya ci wuta, na sa aljihu. Bayan nan na tsaya gaban jama'a na ce mun yafe, kuma har zuciya nake so ya zama haka. Amma in na shiga ɗaki na durƙusa, shiru. Na fi wata huɗu a haka, ni da nake dattijon ikkilisiya. Matata ce ke yin addu'ar dare, ni iyakata in ce amin, wani daren ma amin ɗin ba ya fita.

Zabura 88 ce ta riƙe ni. Ki karanta ta, ko ki sa ɗiyarki ta karanta miki. Daga farkonta har ƙarshe kuka ne, babu inda mai ita ya ce ya samu sauƙi, da duhu ma ta ƙare. Duk da haka Allah ya bar ta cikin littafinsa don irinmu. Romawa 8:26 kuma ta ce ba mu san yadda za mu yi addu'a ba, Ruhu da kansa ke roƙo dominmu da nishin da baki ba ya iya faɗa. Durƙuson da kika yi gefen tabarmar nan, kina tsammani ba a gani ba? Wadda ta fāɗi ba ta kwana tana damuwa ko ta fāɗi.

Jibin Ubangiji kuwa, ki je ki ci. Ba ladan masu ƙarfi ba ne. Waɗanda aka fara miƙa wa gurasar nan, a daren nan duk suka watse suka bar Yesu, kuma ya san haka kafin ya miƙa musu.

Wata tsohuwa daga Talaje, jikarta ce ta rubuta mata:

'Yar nan, ni uku na binne, na san inda yake miki ciwo. Azumi ba yanzu ba. Mai jinya da ba ta barci, in ta ƙara da yunwa wa zai ɗauki yaron? Da annabi Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa, mala'ika bai yi masa wa'azi ba, abinci da tulun ruwa ya ajiye masa, ya ci ya sake kwanciya. Matasa su yi azumin a madadinki, ke ki ci tuwo.

Surukarki kuma tsoro ne ke cinta, ita ma jikanta ne. Kada ki aika mata da “a'a” ta waya. Ki ce, “Inna, ki taho ki gan shi, mu je likita tare.” A can a yi wa ɗanta awon jini gabanta, ta ji daga bakin likita ba daga bakinki ba. In ta zo ki ba ta aiki, ita ce mai dama masa kunu, ita ce mai tuna masa shan ruwa. Tsohuwa in ta samu abin yi wa jika, maganar mai magani takan kwanta.

Wani direba, daga Wadata:

Madam, shirun maigida ba rashin damuwa ba ne. Mu da muka ajiye mota mun san kunyar a miƙo maka ordinas, takardar sayen magani, aljihu wayam. Ki tura wa mai kula da zauren nan lambarsa, ni da wani ɗan'uwa za mu je mu zauna da shi mu sha shayi, ba za mu nuna kin yi magana ba.

Uwar daga Harobanda ta dawo:

Na karanta duka, wasu ina kuka. Baba, jiya da dare ɗiyata ta karanta mini Zabura 88 da hasken waya. Ban yi addu'a ba tukuna, ba zan yi muku ƙarya ba, amma da ta gama na ce amin. Yaron ya ji, ya ce shi ma a karanta masa tasa, sai ta karanta masa ta 23. Matar da ta yi mini maganar zunubi, zan same ta ni da ita in zuciyata ta ɗan huce, ba yanzu ba. Surukata ta ce za ta shigo motar Laraba.

Malama, likita ya ce jinin yaron ya sauka, watakila a yi masa ƙari cikin satin nan, kuma sun ce mu kawo masu bayarwa. Nawa ba za a ɗiba ba, sun ce ni ma bai ishe ni ba.

Matashin ya sake rubutawa:

Mama, ki gafarce ni, na yi gaggawar baki. Mu shida ne a ƙungiya muka shirya, gobe ƙarfe bakwai muna bakin gadar Kennedy ta gefenku. Ki faɗa mana inda za mu je a ɗiba.