Mai gida yana so a rage kuɗin ƙwararru bayan an sayi manhaja

Akanta:
Assalamu alaikum. Kamfaninmu na rarraba kayan masarufi ya sayi manhajar da za ta haɗa lissafin kuɗi, kayan sito da albashi wuri guda, amma mai gida yana ganin kuɗin da aka ware wa ƙwararrun da za su ɗora ta da na horar da ma'aikata ya yi yawa, yana so a zabtare shi. Don Allah, wace hujja zan kai masa?

Injiniya:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka ba shi labarin Lidl, babban kamfanin kantuna na Jamus, wanda ya kwashe kusan shekara 7 yana fama da ɗora manhajar SAP, wadda ke haɗa ayyukan kamfani wuri guda, ya kashe kimanin Yuro miliyan 500, sannan ya watsar da aikin a 2018. Manyan kamfanoni da yawa suna aiki da wannan manhaja lafiya. Matsalar ita ce Lidl yana ƙididdige kayansa da farashin saye, manhajar kuwa an gina ta a kan farashin sayarwa, aka yi ta yi mata kwaskwarima har abin ya fi ƙarfi.

Hajiya Mai Bincike:
Gaskiya ne, Injiniya, sai dai ƙwararrun waje kaɗai ba sa wadatarwa. Mai kula da sito ne ya san cewa shinkafa iri ɗaya tana da suna uku a tsohon littafi, kuma shi ya san wane dillali ke ɗaukar kaya bashi ya biya bayan ranar kasuwa. Idan aka kwashe bayanan nan yadda suke aka zuba a sabuwar manhaja, rahoton da za ta fitar ba zai zama abin dogaro ba. Ina roƙon a zaɓi mutane daga sito da sashen kuɗi, a sauke musu aikinsu na kullum, domin wanda ya wuni yana lodin mota ba zai iya tace bayanai da dare ba.

Injiniya:
Madalla, Hajiya. A kuma kula da lokaci. Kamfanin cakulan na Hershey a Amurka ya gaggauta fara aiki da sabon tsarinsa a 1999, dab da lokacin da cinikinsa ya fi yawa, ya kasa isar da odar kusan Dala miliyan 100. Malam, kada ku fara gab da azumi, kuma a rubuta a yarjejeniya cewa ƙwararrun za su zauna tare da ku har a rufe lissafin watan farko.