Abin da aka tattauna kan Sanata Bernie Sanders

Na tattaro abin da jama'a suka faɗa, ga mai son auna mutumin:

1. Kowa ya yarda a fara da ƙuri'un da ya kaɗa a majalisa kafin jawabansa. A 2002, yana Majalisar Wakilan Amurka, ya ƙi amincewa da yaƙin Iraƙi. Nan babu gardama.

2. Bai sauya baki ba tun yana magajin garin Burlington a jihar Vermont, kujerar da ya ci a 1981 da ratar ƙuri'a 10 kacal. Har ya shiga Majalisar Dattawa a 2007, maganar ɗaya ce: inshorar lafiya ga kowa, da ƙarin albashi mafi ƙanƙanta.

3. Inda aka rabu: wasu sun ce surutu ya fi aiki yawa, dokokin da suka fito da sunansa kaɗan ne. Wasu suka ce a duba gyare-gyaren da ya cusa cikin ƙudurorin wasu, da yadda ya sa batun mayar da albashi mafi ƙanƙanta dala 15 a awa ya shiga bakin 'yan Dimokurat. Ni dai na fi karkata nan.

4. Batun bindiga ya ɗau zafi. A 1993 ya ƙi dokar Brady, wadda ta tilasta binciken mai sayen bindiga kafin a sayar masa, kuma masoyansa ma ba su kare shi sosai ba.