Neman kalma: haɗa tashar wutar iska da babban layin lantarki

Hauwa'u: Assalamu alaikum, malamaina. Gobe da ƙarfe 8 na safe zan gabatar da rahoto a shirinmu na rediyo a nan Jos, kuma kalmomi uku sun hana ni kammala fassara. Rahoton ya shafi tashar wutar iska ta Tafkin Turkana da ke ƙasar Kenya, mai injina 365 da ƙarfin megawat 310, wadda aka gama kafawa a 2017 amma ba ta fara ba da wuta ba sai a 2018, saboda jinkirin ja mata layin da ya haura kilomita 400 zuwa Suswa, inda ake haɗa ta da babban layin ƙasar. Me zan kira "wind farm", me zan kira "grid", kuma yaya zan nuna cewa wayoyin a sama suke, ba a binne ba?

Injiniya Dauda: Wa alaikumus salam, Malama. Ki ce tashar wutar lantarki mai aiki da iska, sannan babban layin lantarki na ƙasa, domin shi kunnen jama'a ya saba ji duk ranar da aka ce ya durƙushe. Amma ina roƙon ki guji kalmar rarrabawa. Aikin TCN, wato kamfanin jigilar wutar lantarki na Najeriya, dako ne, a kan layukan kilobolt 330 da 132, su kuwa kamfanoni irin su JED, kamfanin wuta na Jos mai kula da Filato, Bauchi, Gombe da Binuwai, su ne masu rarrabawa a kan 33 da 11. Wutar da farfela ke samarwa ba ta da ƙarfin yin doguwar tafiya, sai taransifoma ta ɗaga ƙarfinta, in ba haka ba da yawanta zai salwanta a hanya ya zama zafi a jikin waya. Don haka ki ce layin dakon wuta na kan turaku. Turaku nake nufi, na ƙarfe, ba falwayar bakin titi ba.

Malam Lawal: Injiniya, tasha da layi da waya duk aro ne, kuma mun daɗe muna cin bashin da ba mu biya. Na jima ina ba da shawarar gandun iska, tun da gandu shi ne babbar gonar da kowa a gida ke ci daga gare ta. Babban layin kuma jijiyar ƙasa, domin aikinsa ɗaya da na jijiya a jiki. Kakanninmu da suka ga abin da ke tashi ba su ari sunansa ba, jirgin sama suka ce.

Hajiya Binta: Allah ya gafarta Malam, jijiyar ƙasa ta yi daɗin ji, amma gandun iska ba zai shiga kunnen mai sauraro lafiya ba. Mutumin karkara zai ɗauka wata gona ce da iskoki suka kama, wani kuma hankalinsa zai tafi ga ma'anar da ba ta dace a faɗa a rediyo ba. Haka kuma kada 'yata ta kuskura ta ce wayar iska, domin tun zamanin Turawa wannan suna ne na saƙon da ake aikawa ba tare da waya ba, ita kuwa wayar ce duk labarinta.

Malam Lawal: Hajiya, da a Kano ko Sakkwato ake wannan magana, ba wanda zai ruɗe da gandu. Matsalar ita ce an saba da Hausar kasuwa, har ana ƙyamar ta asali.

Hauwa'u: Baba Malam, wannan magana ta yi mini nauyi. Masu saurarona sun haɗa da Birom, Angas, Afizere da Fulani, kuma Hausar da kake kira ta kasuwa da ita suke ciniki da wa'azi da sulhu. Ba zan karanta musu abin da sai sun nemi mai fassara ba.

Injiniya Dauda: Ni mutumin Katsina ne, Malam, kuma a Lambar Rimi, inda aka kafa injinan wutar iska 37 na megawat 10, ban taɓa jin wanda ya kira wurin gandu ba. Jijiya kuma tana da tushe guda, alhali babban layin yana karɓar wuta daga madatsun ruwa na Kainji, Jebba da Shiroro da kuma tashoshin iskar gas a lokaci ɗaya, ana daidaita shi daga Oshogbo.

Malam Lawal: Ban yi nufin ƙasƙanta kowa ba, 'yata, ki yi haƙuri. Na yarda da dako da turaku, domin duka Hausa ce tsantsa. Tasha kuwa ban gamsu da ita ba, kuma jijiyar ƙasa ban janye ta ba.

Hauwa'u: Ba komai, Baba. Ga yadda na rubuta: an haɗa tashar wutar lantarki mai aiki da iska da babban layin lantarki na ƙasa ta hanyar layin dakon wuta na kan turaku. Ta yi tsawo, kuma layi sau biyu a jimla ɗaya yana damuna. Zan ambaci jijiya sau ɗaya wajen bayani, in ji ko masu kiran waya za su ɗauka.

Hajiya Binta: Ki mayar da na biyun wayoyin dako na kan turaku, sai maimaicin ya tafi. Sunan tashar dai yana nan da tsawonsa, a sake duba shi bayan shirin.