Cin bashi a sayi gidan haya: dabara ce ko jawo wa kai wahala?

Alhaji mai gidaje: Assalamu alaikum jama'a. Ni ra'ayina, duk wanda ya samu hanyar bashi ya sayi gidan haya kawai. 'Yan haya su biya bashin, gida ya zama naka.

Ma'aikacin banki: Wa alaikumus salam. Alhaji a yi haƙuri, lissafin bai fita ba. A Nuwamban 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5, bankunan kasuwanci kuma sai sun ɗora nasu, a tashi wajen kashi 30. A ce ka sayi gidan miliyan 40 a unguwar Hotoro a Kano, hayarsa ta shekara a ce miliyan biyu da rabi. Kuɗin ruwa kaɗai miliyan 12 ne, ba a taɓa uwar kuɗin ba. Wane ɗan haya ne zai cike wannan giɓin?

Alhaji mai gidaje: Kai haya kaɗai kake kallo. Buhun simintin da muke saye ƙasa da dubu biyar a farkon 2023, a Fabrairun 2024 ya haura dubu goma. Rodi da kwano haka. Wanda ya riga ya mallaki gida kafin lokacin, yana kwance dukiyarsa ta ƙaru.

Ma'aikacin banki: Wannan ƙaruwar a baki take sai ranar da ka sayar. Banki kuwa ƙarshen kowane wata yana bakin ƙofa.

Malam: Kafin ma a kai ga lissafi, bashi da ruwa riba ce, kuma hukuncinta ba ɓoyayye ba ne. Mai buƙata ya nufi bankunan Musulunci irin su Jaiz ko TAJ, a yi ijara ko murabaha, wato banki ya sayi gidan ya ba ka haya ko ya sayar maka da ƙarin da aka yi yarjejeniya.

Ma'aikacin banki: Allah gafarta Malam, haka ne. Sai dai su ma suna da ribar cinikinsu, kuma haya ba ta cika riskarta ba.

Malamar makaranta: To asusun gidaje na ƙasa (NHF) fa, da ake yankar mana kashi 2.5 na albashi? Kashi 6 ne ruwansa, har shekara 30.

Ma'aikacin banki: Na gidan da za ki zauna ne, Malama, ba na zuba 'yan haya ba.

Hajiya: Duk kun manta da gyara. Ina da gida mai ciki da falo huɗu, na gado. Hayar da kuke ƙirgawa ba duka ake ci ba. Bana yashe sokawe, baɗi kwano na yoyo, ga injin rijiyar burtsatse da ya ƙone kowa ya ce ba shi ba ne. Wani ya tashi ya bar min bashin wuta, dole na sa wa kowane ɓangare mitarsa. Mai hayar shekara kuma notis ɗin wata shida za ka ba shi, in ya ƙi fita sai kotu, duk tsawon lokacin ba ko sisi. Da bashi ne a kaina da tuni hawan jini ya kama ni.

Dillali: Hajiya ta faɗi gaskiya, amma gida ba ya kwana babu mai nema in unguwar ta yi. Kusa da Jami'ar Bayero (BUK) ko Asibitin Malam Aminu Kano, kafin wani ya kwashe kaya wani ya biya. Ni abin da ya fi damuna takarda. Tun Dokar Filaye ta 1978 ƙasa a hannun gwamna take, jingina ma sai da amincewarsa. Takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa banki ba ya karɓarta, shaidar mallaka yake nema. A je hukumar bayanan filaye ta Kano (KANGIS) a bincika kafin a ba da ko kafin alƙalami. Rusau ɗin da gwamnatin Kano ta yi a 2023 bai isa darasi ba?

Malamar makaranta: Alhaji, don Allah naka gidajen da bashi ka saya?

Alhaji mai gidaje: A'a, da kuɗin kasuwa na gina, a hankali, wani ma ya daɗe yana kango. Amma da na samu bashi a lokacin, da yanzu sun ninka.

Hajiya: Ko kuma da yanzu banki ya yi gwanjonsu, Alhaji.