Neman kalmar Hausa: me za mu kira "crypte" na tsohuwar majami'a?

Marubucin labarin, daga Yamai:

Assalamu alaikum, malamai da ƴan'uwa masu kishin harshe. Wata huɗu ke nan ina rubuta wani ƙagaggen labari na tarihi da kasada, kuma kalma guda ta tsayar da ni cak a babi na tara, shi ya sa na kawo ta gabanku. Labarin ya faru ne a birnin Salvador na Bahiya, a ƙasar Barazil, cikin shekarar 1807, lokacin da ƙasar take hannun Turawan Fotugal. A watan Mayun wannan shekarar ne bayi Hausawa suka ƙulla tawaye a birnin, asirinsu ya tonu kafin ranar da suka tsayar. Jarumina wani Bagobiri ne da aka kama a yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan fara jihadin Shehu Usmanu a 1804, aka sayar da shi hannu zuwa hannu har ya tsallake teku, kuma shi aka ba ajiyar layu da rubuce-rubucen masu tawayen, ya rasa inda zai kai su sai ƙarƙashin wata tsohuwar majami'ar Katolika da ubangidansa yake tura shi shara.

Wurin nan shi ake kira "crypte" da Faransanci. Ɗaki ne na dutse da ake ginawa a ƙarƙashin daɓen majami'a, galibi daidai inda bagadi yake, ana sauka cikinsa ta matakala, ana binne manyan limamai da masu hali a ciki, wani lokaci kuma a ajiye ƙasusuwan waliyyansu. A Bahiya ta wancan zamani binne mutum cikin majami'a shi ne al'ada, har ma da hukuma ta hana hakan a 1836 jama'ar Salvador suka yi bore suka farfasa sabuwar maƙabartar da aka gina musu a wajen gari. Ban yi mamakin rashin kalmar a bakinmu ba, domin sai a 1931 aka kafa mishan ta Katolika ta farko a nan Yamai, ga majami'un da suka shekara ɗari uku da ɗoriya suna can inda Fotugal da Sifaniya suka yi mulki. Yanzu dai na rubuta "ɗakin ƙarƙashin ƙasa", amma raina bai kwanta da shi ba, saboda ya yi tsawo, zai fito fiye da sau talatin a babi uku, kuma da wannan sunan ake kiran inda ake ajiye motoci a ƙasan manyan benaye.

Wani dattijo, tsohon malamin lakwal, daga Tawa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi wa aikinka albarka. Ni a ganina ba sai an ƙirƙiro sabuwa ba, tunda muna da "hubbare", wato kabarin babban mutum wanda aka yi wa gini ake kuma ziyartarsa, kamar Hubbaren Shehu a Sakkwato. Ka ce "hubbaren majami'a", kowane Bahaushe zai san akwai kabari, akwai gini, akwai girmamawa. Abin da kawai nake gargaɗinka da shi, kada ka kuskura ka ce "kurkuku", domin mai karatu zai fara neman mari da sarƙa, kuma kada ka ce "kogo", domin kogo halittar Allah ce a jikin dutse ko itace, ba aikin magini ba.

Wata ƴar'uwa mabiyar Katolika, daga Yamai:

Baba, a gafarce ni, zan ɗan saɓa muku. "Kurkuku" da "kogo" kam na yarda sun faɗi. Amma hubbare a saman ƙasa yake, a sarari, kowa ya san ƙofarsa, kuma sunan yana tafe da mutum guda sananne wanda dominsa aka yi ginin. Wannan ɗaki kuwa yana iya ɗaukar kaburbura masu yawa, wasu an manta masu su, yana iya kasancewa babu kabari ko ɗaya a cikinsa sai ƙaramin bagadi da ake yin addu'a a gabansa. Ban da haka, kalmar ta riga ta zauna a zukatan Musulmi da ma'anarta ta musamman, kuma idan aka jingina ta ga majami'a, ina jin tsoron Musulmi zai ji wani iri, Kirista ma ba zai gane nasa ba. Mu da muke ibada da Hausa mun gaji "majami'a" da "bagadi" da "ikilisiya" daga Littafi Mai Tsarki, amma wannan kalmar babu ta a ciki, don haka fili a buɗe yake.

Wani ɗalibin jami'a, daga Yamai:

Malamai, me zai hana a Hausantar da ita kawai, a ce "kiribti", kamar yadda "école" ta zama lakwal?

Marubucin labarin:

Ƙanena, na gwada wannan tun farko. Lakwal ta shiga Hausa ne saboda mutane sun ga abin da idonsu, sun kai ƴaƴansu, bakinsu ya lanƙwasa sunan yadda ya ga dama. Wannan kuwa babu wanda ya taɓa saukarsa a cikin masu karatuna, saboda haka aron ba zai kawo musu hoton komai ba. Na karanta wa wani abokina jimlar a shagonsa da ke kasuwar Katako, sai ya ɗago kai ya tambaye ni ko a 1807 ma ana cinikin kirifto, kuɗin nan na intanet. Dariya muka yi, ko da yake bai yi nisa da gaskiya ba, domin kalmomin biyu tushensu ɗaya ne a Girkanci, kuma ma'anar tushen ita ce ɓoyewa. Wannan ya sa na yi tunanin "maɓoya", amma ita ma ta tona asirin labarin tun kafin lokaci, ga shi kuma limaman da suka gina ɗakin ba don ɓuya suka gina shi ba.

Wata malamar Hausa, daga Tawa:

Malam, tun jiya nake bin zancen, kuma ina ganin kowa yana neman kalmar ta wajen mutuwa ne, alhali ta wajen gini ya kamata a neme ta. Ku duba "ƙurya". A ɗakin kakata, Allah ya jiƙanta, akwai wani lungu can ciki bayan gado, inda haske ba ya kaiwa ko da rana tsaka, nan take ajiye adudunta, da tasoshin aurenta, da ƙyallen likkafanin da ta saya tun tana da ƙarfinta. Baƙo ba ya isa wurin, mu jikoki ma sai an aike mu, kuma idan ka shiga sai ka tarar kana rage murya ba tare da kowa ya ce ka yi ba. Wannan ita ce ƙurya: wuri mafi zurfi a cikin gini, mai duhu, na ajiyar abin da ake ji da shi, wanda ba kowa ke shiga ba. Duk waɗannan siffofi suna cikin abin da kake nema, saura guda, wato kasancewarsa a ƙasa. Da farko na so in ce "ƙuryar ƙasa", sai na ga za a ɗauka ana nufin wani lungu mai nisa na ƙasar nan, kamar Bilma. Saboda haka shawarata ita ce "ƙuryar ƙarƙashi", jam'inta "ƙuryoyin ƙarƙashi". Sauran siffar ɗakin kuma kada ka wahalar da kanka, maginanmu sun riga sun tanadi kalmomin, da ginshiƙi da baka da ɗaurin guga, duk wanda ya taɓa ɗaga kai a cikin masallacin garin Yama na yankin Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, ya san abin da ake nufi.

Marubucin labarin:

Malama, Allah ya saka da alheri. Na sa ta a cikin babin daren jiya, ga yadda ta zauna: "Da ƙararrawar dare ta yi shiru, sai ya zagaya bayan bagadi, ya tura yatsunsa cikin zoben ƙarfen da ke jikin falalen dutsen, ya ɗaga. Iska mai sanyi da warin danshi ta bugi fuskarsa. Ya kare kyandir da tafin hannunsa, ya sauka matakala yana lalube da ƙafa, har ya tsaya a ƙuryar ƙarƙashi, inda rufin ɗaurin guga ya sunkuyo har yana shafar hularsa, sunayen matattu kuma suna jere a bango cikin rubutun da bai iya karantawa ba." Na karanta wa mutum uku, ciki har da mahaifiyata wadda ba ta yi lakwal ba, kuma babu wanda ya tsayar da ni ya tambayi ma'ana. A karon farko zan rubuta "ƙuryar ƙarƙashin majami'a" cikakkiya, bayan haka "ƙuryar ƙarƙashi", idan kuma mai karatu ya riga ya saba da wurin, "ƙuryar" kaɗai ta isa.

Dattijon Tawa:

To, ƴata ta fi ni gaskiya, na janye hubbare daga sunan ɗakin. Amma ɗana, idan akwai kabarin wani babban limaminsu guda wanda aka keɓe a ciki, aka yi masa gini na dabam, ka bar mini kalmata a wurin, ka ce hubbarensa yana cikin ƙuryar ƙarƙashi.

Ƴar'uwar Yamai:

Baba, a wannan wurin kam "kabarinsa" ma ya wadatar, amma ba zan ja da ku sau biyu ba. Malam marubuci, gyara ɗaya ya rage a jimlarka: bawan da aka tura shara cikin majami'a ba za a bar shi da hula a ka ba, sai dai idan ka nuna mana ya ciro ta daga ƙugunsa ya sa bayan ya sauka.