Khipu na mutanen Inka: wane suna za mu ba shi da Hausa?

Jama'a ku kawo ɗauki, ana neman sunan Hausa ga abin nan da masu tonon kufai suke samu a tsofaffin kaburbura a gabar tekun Peru, wanda ake kira khipu. A harshen Kechuwa ma'anarsa ƙulli ce kawai. Igiya ce guda mai kauri, sai a rataya mata wasu siraran zaruruwa na auduga ko na gashin lama (dabbar nan dangin raƙumi), wani lokacin ɗaruruwa, kowane zare da launinsa da ƙulle-ƙullensa. Da shi daular Inka take riƙe ƙidayar jama'a da haraji da abin da ke cikin rumbunan sarki, tun daga Kusko, babban birninta, har iyakar ƙasa, ga 'yan gudu da ake kira chaski suna kai shi daga zango zuwa zango.

Wani ya ce mu bar shi yadda yake mu rubuta kifu. Wallahi ban yarda ba, duk wanda ya ji zai zaci kifi ake nufi ko kuma wani abu ne ya kife.

Sai aka kawo "ƙulle-ƙulle". Ta fuskar ma'ana ya yi daidai da asalin kalmar amma ai kun san Bahaushe, in ka ce sarkin Inka yana da ma'aikatan ƙulle-ƙulle to ka gama ɓata masa suna, makirci ko asiri za a ɗauka. "Carbi" ma wata 'yar'uwa ta kawo, shi kuma carbi ja ake yi ana wucewa, ba ya ajiye adadi har a dawo baɗi a karanta.

Don ku ga me nake nufi, ga yadda ake ɗaura 345 a zare guda. Can sama kusa da uwar igiya ƙulli uku ƙanana, ɗaruruwa kenan, a bar tazara sai ƙulli huɗu na gomomi, sannan a ƙasa dogon ƙulli ɗaya mai naɗi biyar. In ɗaya ce a gidan ƙarshe ƙullinta daban ne, mai siffar lamba 8, sifiri kuwa wurin kawai ake bari fayau. Wani Ba'amurke L. Leland Locke ne ya warware wannan a 1912. To "igiyar lissafi" kenan ko? Ni ma da farko ta yi min daɗi a baki, matsalar ita ce ba duka ne suke bin tsarin lambobin nan ba, akwai wani kaso da har yau ba a iya karanta shi ba, kuma Sifaniyawan da suka zo bayan jagoransu Pizarro ya kama sarkin Inka Atahualpa a 1532 sun rubuta cewa masu riƙe da igiyoyin suna karanto tarihin sarakuna da dokoki daga cikinsu. A 1583 ma taron limaman Katolika a Lima ya sa a lalata waɗanda ake zargin na bautar gargajiya ne, ai ba don jimlar buhunan masara za a yi haka ba.

Wani ɗan'uwa ya tuna mana da mutanen Pueblo na New Mexico a Amurka, jikokin waɗanda suka gina tsoffin garuruwan Chaco da Mesa Verde, ya ce su ma suna da irinta. Gaskiya ne a 1680 jagoransu Popé ya aika 'yan gudu ƙauyuka da igiya mai ƙulli, kullum a kwance ɗaya, ranar da ta ƙare a far wa Sifaniyawa, kuma sun kore su daga Santa Fe har shekara 12. Amma wannan kwana take ƙirgawa, aikinta na ƙarewa da ƙullin ƙarshe. Ita sai mu ce mata "igiyar ƙirgen kwana", kada a cakuɗa su.

Ni dai ƙuri'ata tana kan "kundin igiya". Kundi yana ɗaukar lissafi yana ɗaukar labari, ajiye shi ake yi a gada, kuma bai tilasta mana cewa rubutu ne ko ba rubutu ba, gardamar da masanan kansu ba su gama ba. Jam'i kundayen igiya, kamar a ce kundayen igiya wajen dubu ne suka rage, tarin da ya fi yawa yana gidan tarihi a Berlin.

Saura mai riƙe da shi, khipukamayuq. Magatakarda ba zai yiwu ba tunda babu takarda. An kawo "ma'ajin kundi" da "sarkin igiya", na biyun sai ka ce mai sayar da igiyar guga a kasuwa, don haka na ɗauki na farko sai in wani yana da wanda ya fi.