Kano zuwa Guangzhou: lissafin awoyin tafiya ya ƙi fita mini

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda suka saba zuwa Sin saro kaya, ku warware mini wannan.

Zan tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Baiyun a Guangzhou, da yada zango a Addis Ababa. Na duba taswira, tsakanin Kano da Guangzhou kusan kilomita 11,000 ne a miƙe. Jirgi kuma yana cin kamar kilomita 850 zuwa 900 a awa, wato awa 13 ke nan a sama in da babu tsayawa. Amma da na ɗora lokacin tashi da na sauka da ke jikin tikiti, sai na ga abin ya haura kwana guda. Na san agogon Sin yana gaban namu da awa 7, na Habasha da awa 2. Shin lokutan tikitin duk na garin da aka rubuta ne, in cire bakwai ɗin kawai? Zaman jira a filin jirgin Bole na Addis Ababa fa, yana ciki?

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne dawowa. Hanya ɗaya, nisa ɗaya, amma ta fi tafiya daɗewa. Wani abokina ya ce iska ce ke tura jirgi in ya nufi gabas. Haka ne, ko shaci-faɗi ya yi mini?

Akwai mai tarbata a can, dattijo ne, ba na son in shanya shi a filin jirgi. Wane lokaci zan ba shi?